Rasuwar Mai Tuni, Kwamfutar Asibitinmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu a ƙirji da ya fi baƙin ciki zafi, ni Aina'u Sama'ilu, mai riƙe da rajistar yara a ƙaramin asibitin ƙauyenmu da ke gefen Tsanyawa, nake sanar da rasuwar kwamfutarmu, wadda matan gari suka raɗa wa suna Mai Tuni. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana da shekara tara a bakin aiki. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayiya mai haƙuri ce. In an kunna ta sai ta ce "ɗiiit", ta ɗan yi nishi, ta kama aiki. A cikinta akwai sunan duk yaron da aka haifa a ƙauyuka bakwai, da allurar rigakafin da aka yi masa, da wadda ta rage. Uwa takan manta, akuya takan cinye kati, amma ita ba ta taɓa mantawa ba.

Ciwon ajalinta fankar cikinta ce. Fanka fa, jama'a! A da in ta fara kukan nan nata na "ƙirrr, ƙirrr", Kamaruddeen mai gyara muke kira daga Ɗambatta, ya hau bas ya zo, kafin la'asar ta warware. Bana sai ƙungiyar da ta ba mu ita ta turo masana biyu, wai su tsara mana yadda ake kula da na'urori. Farkon aikinsu, suka manna mata takarda a murfi: kada kowa ya kwance ko noti ɗaya sai da lambar izini.

Ɗayansu, Malam Munir, ya zo da kundin nagartattun hanyoyin aiki mai babi fiye da talatin, ya ce manyan kamfanoni sun gwada, mu ɗebi wanda ya dace da mu. Ɗayan kuma, Malam Zaharaddini, ya ce wannan ɓata lokaci ne, tsarin bai-ɗaya ya fi, matakai kaɗan, kowace matsala ta bi ƙofa ɗaya. Ban ce ba su da ilimi ba. Amma wata uku cur suka yi suna ja-in-ja a kan ko kukan fanka ƙorafi ne, ko matsala ce, ko buƙatar canji, marar lafiya kuwa tana kan tebur tana huci.

Fom ɗin neman izinin ma a intanet yake, ba ya buɗewa a waya, sai a jikin marigayiya. Sau uku ina cikawa, da na kai shafi na huɗu sai ta ɗauki zafi ta sume. Na rubuta da biro, suka mayar mini. A nan kaɗai bakinsu ya zo ɗaya: takarda ba ta cikin tsari. Na roƙi a bar ni in kwafe rajistar a filashi, aka ce ba a kai wannan babin ba tukuna. A ƙarshe Kamaruddeen ne ya cike mana fom ɗin daga kwamfutar shagonsa.

Ranar Talata ta ce "ƙit", ƙaurin wayar lantarki ya cika ɗakin. Ranar Alhamis saƙo ya shigo wayata: an karɓi ƙorafinmu, an ba shi lamba, an sa shi cikin waɗanda ba na gaggawa ba. Wallahi da kyar na hana hannuna jefa wayar a rijiya.

Ta rasu ta bar kibod mai giɓi biyu, da firinta marar tawada, da yara ɗari shida da arba'in. Cikinsu har da Abdulkabir, ɗan Ikilima, mai wata goma, wanda katinsa ya narke ranar da ruwa ya ci ɗakinsu. Goggonsa ce ke kawo shi, ta kuma koma Zakirai, ba ta tuna komai. Ƙyanda ta ɓulla a ƙauyen gaba, jiya Ikilima ta zo tana tambayata ko an yi wa ɗanta tasa allurar. Na kasa haɗa ido da ita.

Jana'iza: ranar Asabar bayan azahar Kamaruddeen zai kwance gawar, ba da izinin kowa ba, ko Allah zai sa ma'ajiyar bayananta ta tsira. Za a yi zaman makoki kwana uku a gindin darbejiyar asibiti. Kowace uwa ta zo da ɗanta da abin da ta iya tunawa, mu fara rubutawa a littafi daga fari.

Malam Munir da Malam Zaharaddini ma muna gayyatarsu, ba sai sun cike fom ba. Mun ajiye musu benci kusa da Ikilima. Su zo su faɗa mata da bakinsu a wane babi ɗanta yake.