Maɗacin Baffa Jauro

Ba zan taɓa mantawa da maɗacin Baffa Jauro ba, domin da bakina aka kayar da shi.

Lokacin ina gabatar da shirin tarihi a gidan rediyo. Na je hira da wata masaniyar itatuwa, Dakta Rabi, ta nuna mini wani yankakken gungume a kan teburinta. Ta ce a ƙasar da damina da rani suka rabu sarai, wasu itatuwa kan ƙara zobe ɗaya a cikinsu duk shekara, mai faɗi idan ruwa ya wadata, siriri idan an yi fari. In ka ƙirga zobban, ka san shekarun bishiya, har da shekarun da mutanen wurin suka sha wuya. Nan na kashe rikoda. (Minti uku nake bukata, minti uku kuma sun cika.) Tana cewa, "Yadda muke ɗibar samfur kuwa," ni ina amsa waya. Da zan fita ta roƙe ni in samo mata tsohuwar bishiya da izinin mai ita, za ta zo ranar Asabar.

A unguwar Fadaman Mada akwai maɗaci a ƙofar gidan Baffa Jauro, dattijo jikan makiyaya. Yakan ce kakansa ne ya dasa shi shekarar da fari ya ƙarar musu da shanu suka zauna, tun wurin yana daji. Mutanen unguwa sun mai da maganar abin dariya. 'Ya'yansa kuwa sun daɗe suna son sare shi su gina shaguna, ya hana.

Na ce, "Baffa, ilimi zai gaskata ka. Amma sai an ga cikinsa."

"Ta ina ake ganin ciki, ɗana?"

"Sai an yanka." (Da muryar karanta labarai na faɗa, wadda ba a yi wa musu.)

Ya daɗe yana kallon rassan. Sannan ya ce, "In za a rubuta sunan kakana, a yanka."

'Ya'yansa ba su bar shi ya sake tunani ba. Washegari mai injin yankan itace ya zo.

Ranar Asabar na ɗauko Dakta a keke mai ƙafa uku. Ƙofar gidan fetal, Baffa na zaune kan tabarma cikin rana, maƙwabta sun taru. Na kunna rikoda, na nuna mata kututturen ina murmushi.

"Na sauƙaƙa miki aiki, Dakta."

Ta buɗe jaka ta fito da wani siririn ƙarfe, bai fi kaurin biro ba.

"Innalillahi. Malam, da wannan muke hudawa, mu zaro ɗan tsinke daga ciki. Bishiya tana nan tsaye abinta."

A hankali ta faɗa, amma kowa ya ji. Baffa ya ɗago kai.

"Hajiya, wato ko ba a yanka ba za a iya?"

Ni ta kalla, kowa ma ni ya kalla.

Duk da haka ta durƙusa ta yi ƙirgen, daga ɓawo zuwa ciki. Kafin ta kai tsakiya ta tsaya: gara ta riga ta cinye zobban farko. Ta ce maɗacin ya girmi Baffa, wannan babu shakka, amma shekarar da aka dasa shi ba za ta sanu ba. Ni kuma, don rashin ta-ido, na miƙa wa Baffa makirufo.

Ya ce, "Kashe abinka, ɗana. Ka riga ka yi magana."

Shaguna uku ne a wurin yanzu. Shirin bai taɓa fita ba. Tun daga ranar ba na kashe rikoda sai mai magana ya gaji ya sallame ni. Masu tace shiri suna ƙorafin hirarrakina sun yi tsawo. Su yi ta yi. Ba su ne suke sauya hanya idan aike ya kai su Fadaman Mada ba.