Wa Ya Share Dangin Manhaja?

"...lafiya lau, sai dai ganinka da safiyar nan ya sa gabana ya faɗi. Gadon ne ya ƙone, ko Gwaggo ce ta watsa maka ruwa?"

"Ke dai amsa gaisuwa ki ba ni wuri, Tsintsiya. Yau manya ne za su yi aiki."

Wanda ake yi wa wannan tarba Injiniya ne, ɗan gwaggon sakatariyar asibitin. Tun da ya gama karatu yake kwance a ɗaki da kwamfuta a kan ciki, har dangi suka laƙaba masa Injiniyan Gado. Ita kuwa 'yar kawun nasa tun tana ƙarama ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce, shi ya sa yake kiranta Tsintsiya. Duk tsiyar da take yi masa, ita ce ta tsaya gaban Likita, mai asibitin, ta rantse cewa taubashinta ya rubuta manhajar da za ta riƙa buga wa marasa lafiya kati, a huta da rubutun hannu. Likita ta ce idan ta gama zagayen ɗakuna za ta gani da idonta. In manhajar ta yi aiki, ya samu aiki. In ba ta yi ba, ya koma gado, kuma wannan karon ya san har mahaifiyarsa sai ta yi kuka.

Ya zauna gaban kwamfutar ofis, ya gyara wuyan riga, ya danna manhajar da ya aiko jiya a filash. Maimakon ta buɗe, sai ga jan rubutu ya cika allo.

"Iko sai Allah," in ji Tsintsiya, ta leƙo ta kafaɗarsa. "Da jan biro ta fara? Ashe ita ma ta san makinka."

"Cewa take yi ba ta ga wani kilas ba."

"Wane ne shi? Abokinka ne?"

"Wani guntun shiri ne da take kira ya yi mata aiki. Ta kira, shiru."

"Halin gidanku ke nan. Kai ma sai an kira ka sau nawa kake fitowa?"

Zufa ta fara tsattsafo masa a gadon baya. Ya sake dannawa, ya kashe kwamfutar ya kunna, kamar dai yadda duk wanda dabara ta ƙare masa yake yi. Jan rubutu ya dawo, ko gezau.

"Wallahi a kwamfutata lafiya ƙalau take aiki!"

"To sai mu ɗauki marasa lafiya mu kai su ɗakinka, su yi layi a bakin gado. Ba a fafe gora ranar tafiya, bawana."

"Wa ye bawanki?"

"Kai mana. Ɗan mace ai bawan 'yar namiji ne, ko a kotu."

Ya buɗe foldar da ta kwafe masa jiya, sai ya yi turus. Foldar da ya aiko a hargitse take, fayiloli birjik. Wannan kuwa fes, fayil ɗaya tilo a tsakiya, an ma canja masa suna zuwa "Aikin Bawana".

"Tsintsiya. Ina sauran?"

"Wane sauran?"

"Akwai wata ƙaramar folda a nan, cike da fayiloli."

"Au, wannan tarkacen? Masu sunaye kamar an taka kyanwa a kan madannai? Na danna su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya buɗe. Ni kuwa ba a ajiye mini shara a kwamfuta. Taimakonka na yi, kada Likita ta ga ƙazantarka."

"Na shiga uku! Dangin manhajar ne kika share! Ita kaɗai ba ta iya komai, a cikinsu take aro mai lissafi, ta aro mai adana suna. Kin kori 'yan biki kin bar amarya ita kaɗai a tsakar gida!"

"Dangin da ba su da fasali? Lallai da ganin iri an san gonar."

Allah Ya taimake shi, jiya wuta ta ɗauke kafin ta zubar da kwandon sharar kwamfutar, abin da ba ta taɓa tashi aiki ba ta yi ba. Ya tono su ya mayar mazauninsu, ya danna, manhaja ta buɗe tar. Nan fa Injiniya ya miƙe ƙafa, ya harɗe hannuwa a ƙeya.

"Ki ce kin tuba, in rufa miki asiri. Mutum ya yi karatu, a ce mai shara ce za ta gyara masa aiki?"

"Buga kati mu gani tukuna. Cika baki ba ya cika tulu."

Ya danna wurin bugawa yana murmushi. Firinta ko tari ba ta yi ba. Jan rubutu ya dawo, da sunan wani kilas ɗin daban.

"Wannan ma ke ce!"

"Duba kwandon. In ka same shi, na yarda ni ce baiwar."

Ya duba, wayam. Can sai ya tuna, kunya ta rufe shi. Wannan guntun mai magana da firinta tun yana makaranta ya saka shi a kwamfutarsa, a can wani lungu, ya daɗe har ya manta aro ne. Bai taɓa sa shi a filash ɗin ba, kwamfutar kuma tana gida a kan matashi.

"Laifi tudu ne," in ji Tsintsiya, tana tafa hannu a hankali. "Ni na kori 'yan biki, kai kuma ka manta ango a gida."

"Ki bar wasa, sai na sauko da shi daga intanet. Na ofis ɗinku ba ya aiki."

"Wayarka fa?"

"Ba data."

"Injiniya guda ba data! Wanzami ya fito ba aska." Ta ɗaga wayarta tana kaɗawa. "Ga shi nan fal. Faɗi kalmar kawai."

Daga can ƙarshen baranda ya jiyo muryar Likita tana sallamar ɗakin ƙarshe. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

"Ni bawanki ne."

"Ban ji ba, fanka na ƙara."

"Ni bawanki ne, uwar ɗakina, Allah Ya ja zamaninki, kunna mini!"

Ta kunna masa intanet daga wayarta. Ya sauko da guntun, guntun ya ce shi ba ya aiki sai da ƙaninsa. Ya sauko da ƙanin, shi kuma ya ce wannan yayan sabon fitowa ne, tsohon yake so.

"Kai, wannan dangin Gwaggo ne sak," in ji ta. "Ka gayyaci mutum ɗaya, ya zo da mota cike, kuma a sauka ana faɗa."

Ya nemo tsohon, ya jera su duka cikin foldar, ya danna. Likita na sa ƙafa a ofis, firinta ta yi gyaran murya ta turo kati. Kafin ya kai hannu, Likita ta riga shi. Sai a lokacin ya tuna sunan gwajin da ya shigar a gida.

Likita ta gyara tabarau ta karanta a fili: "Suna, Tsintsiya. Ciwo, surutu mai tsanani. Magani, babu."

Sai Likita ta fashe da dariya har da dafa tebur.

"Manhajar har gano ciwo take yi? To me ya sa kake zufa haka, an samu matsala ne?"

Ya saci kallon Tsintsiya, ya ga ta sunkuyar da kai tana gyara takardun da ba su karkace ba.

"Mantuwa ce tawa, ranki ya daɗe. Na baro wani abu a gida, ita ta cece ni."

"To gobe kada ka baro komai. Ka fara zuwa, a nan kusa da ita za ka zauna."

Likita ta ajiye katin a kan tebur ta fita. Tsintsiya ta daɗe tana kallon katin, ta cije leɓe, dariya ta ƙwace mata. Ta jawo aljihun tebur, ta ciro mukullin ofis na biyu ta ajiye masa a tafin hannu.

"Karɓi, ka ci wannan. Ka riga ni zuwa ka buɗe ƙofa. Tarkacenka kuma na bar maka, ko tsinke ba zan ƙara ɗagawa ba."