Ranar da Na Yi wa Maigari Tafinta

Ko tsufa ya kwashe komai daga kaina, ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa maigarinmu tafinta ba. Ƴan shekaru ne bayan babban yaƙin Nasara, Faransa na riƙe da Damargu, Ingilishi kuwa suna can kudu a Kano. Lokacin ina fataucin fata a wani ƙauye kusa da Gangara. Ina da mata, ina da jakuna, in na yi magana a dandali ana saurarena. Sai Mutari ya dawo.

Mutari taubashina ne, ɗan kawuna. Tare muka yi kiwon awaki (kuma ni nake kayar da shi a kokawa, kada a manta da wannan). Ya tafi Kano ya yi shekaru yana aiki a kantin wani Bature, ya komo da laima, da takalmi sau-ciki, da Ingilishi a bakinsa. Laima ba ta dame ni ba, kowa na iya saye. Ingilishin nan shi ya hana ni sakat. Mutum ya zauna gindin aduwa ya ce "good morning," sai ka ga dattawa sun riƙe haɓa kamar ya sauke Alƙur'ani da ka. Har cikin gidana abin ya biyo ni. Wata rana matata Hadiza tana miƙo mini fura ta ce, "Malam, ka ji Mutari yau? Wai har ruwa Turawa suna da sunan da suke kiransa."

Na ce, "To, da ƙishirwa kike so ta kashe su?"

Furar nan ban san ɗanɗanonta ba.

In je in ce ya koya mini? Ni? Allah ya sawwaƙe. Abin da na riƙa yi shi ne, duk yamma in samari sun kewaye shi, sai in kawo akumarin jakina in zauna nesa kaɗan, wai gyara nake. Ido na kan allura, kunne na wurin Mutari. Haka na tsinci kalmomina ɗai-ɗai. Na ji ta yunwa, na ji ta ƙoshi, na ji "chief" ita ce maigari. Da na ji yana cewa "she" sai na yi murna, na ce ashe Ingilishi ma sun san "shi," harshen bai kai wuyar da ake faɗa ba.

Bayan kaka labari ya zo cewa wani Baturen Ingila ya taso daga Kano ta Damagaram zai wuce Azbin, zai yada zango garinmu, kuma yana neman mutumin da zai sayo masa hatsi da tumaki ya raka ayarinsa har Agadas. Aikin da ke ɗaga mutum ke nan. Mutari kuwa ya tafi kasuwar Tarka. Maigari ya kira ni ya ce, "Ɗana, hau raƙumi ka kirawo mana ɗan'uwanka ya yi mana tafinta."

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, a wahalar da dabba saboda me? Abin da Mutari ya iya, ni ma na iya. Ni dai ban cika son nuna kai ba ne."

Maigari ya dube ni, ya dubi liman. Ya ce, "To, madalla."

Ranar na sa babbar rigata ta saƙi, na sha rawani. Gari duk ya taru ƙofar maigari, har Buzaye da Fulanin da suka zo rijiya, mata kuma na leƙe ta saman zana, Hadiza cikinsu. Bature ya iso wajen azahar, dogo, hancinsa ya saɓule da rana. Ya buɗe baki zai yi gaisuwa, na tare shi da "good morning" mai ƙarfi. Ya dubi rana, ya dube ni, ya rufe bakinsa ya zauna.

Aka kawo gasasshen rago da fura da nono. Maigari ya ce, "Gaya masa ya sa hannu. Ni kaina yunwa nake ji, tun safe muke jiransa, duk ba wanda ya ci komai."

Na gyara murya na nuna maigari. "Chief, she angry. She very angry." Na zagaya hannu kan jama'a. "All people angry!"

Fuskar Bature ta yi ja. Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa na ce a raina, ka gani, har jikinsa ya ɗauka, bai taɓa zaton samun irina a Damargu ba. Na saci kallon zana don in tabbata Hadiza na gani.

Ana cikin ci sai ga Mutari ya dawo daga Tarka, ya tsaya bayan taro da laimarsa a hammata. Wallahi daɗi ya kama ni. Na ce yau zai ga an yi biki babu shi. Da Bature ya janye hannu, maigari ya ce, "Tambaye shi, ya ƙoshi?"

Na ɗaga murya yadda za ta kai kunnen Mutari. "You fool?"

Bature ya ɗago kai ya dube ni. Na zaci bai ji ba, na ƙara masa armashi. "You big fool!"

Sai na ga laimar Mutari ta faɗi ƙasa.

Bature ya goge hannu, ya juya wajen maigari, ya ce da Hausa, Hausar Kano tsantsa wadda ta fi tawa gishiri, "Ranka ya daɗe, na gode, na ƙoshi. Na so in gaishe ka tun ɗazu, tafintanka bai ba ni hanya ba. Kai ka ce yunwa kake ji, shi ya ce mini fushi kake, kai da mutanenka duka. Ka tambaya ko na ƙoshi, ya ce ni babban wawa ne. Waɗannan na yafe. Amma tun da muka zauna mace yake kiranka, wannan kuwa tsakaninku ne."

Liman ne ya fara dariya, ya toshe baki da rawani bai yi amfani ba. Daga nan dariya ta ci gari. Wani Buzu ya zauna daɓas yana dukan ƙasa. Maigari kaɗai bai yi ba. Ya shafa gemunsa ya ce, "Ɗana, da gemun nawa?"

Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Abin da ya fi ƙona mini rai bai ma zo ba tukuna. Mutari ya matso ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi masa afuwa. Tsakanin hungry da angry numfashi ɗaya ne, full da fool kuwa jan baki ne kawai. Ni ma an sha yi mini dariya a kansu a Kano." Wato ya cece ni. Da zagina ya yi, da na sami abin ramawa. Sannan suka shiga Ingilishi shi da Bature, suna yi suna ƙyaƙyatawa, ni ina tsaye cikin babbar riga ba na tsintar ko ƙwaya.

Mutari ya tafi Agadas da ayari, ya komo da raƙuma biyu da suna. Ni ma na sami suna: har na yi jikoki "Angiri" ake kirana a kasuwar Gangara. Maigari ya yi wata bai amsa gaisuwata ba.

An ce hassada ga mai rabo taki ce, ni kuwa da hannuna na kai wa Mutari har gona. Kada ku zaci na warke. Yau shekarunmu sun ja, haƙoranmu sun zube, amma in ya wuce har yanzu sai na kawar da kai. Sai dai na koyi darasi: in zan ji haushin mutum, da Hausa nake jin abina.