Yadda Ake Kafa Masai a Kwale-kwale Don Ceton Albasa

Idan kana da kwale-kwale da fadamar albasa, kuma takin zamani ya fi ƙarfinka kamar yadda ya fi ƙarfin kowa a shekarun nan, gyara zama. Na yi maka alkawari, kafin albasarka ta yi kai sunanka zai zaga kasuwanni uku. An gwada wannan hanya a kan Sama'ilu, mai fito a dam ɗin Watari, kuma har yau ana zancensa.

1. Fara da hangen nesa

Shekarar da mai ya yi tashin hauka, Sama'ilu ya cire injin jirginsa ya koma filafili, tsallakawa ta zama awa guda da rabi. Ya dubi fasinja ashirin, kowa ya cika ciki da ɗanwake da kunu. Ya dubi albasarsa a bakin ruwa, ganye ya yi rawaya don yunwar taki. Nan ya gane abin da gonarsa ke nema kullum yana zaune a jirginsa, sai a sauka a ƙetare a tafi da shi. Kai ma ka ji zafin wannan asara.

2. Samo tanki

Kada ka je wurin mai walda, babu wuta, labari kawai zai ba ka. Matarka tana da duron ruwa. Sama'ilu ya jira Maijidda ta tafi gidan suna, ya ɗauke nata, shuɗi mai murfi, wanda mahaifinta ya saya mata. Ya kwantar da shi a bayan jirgi, ya huda, ya liƙe gefe da kwalta, ya ɗora katako mai rami, ya kewaye da zana, ya rataya buta. Ka bar masa bututun shan iska, in ba haka ba rana za ta kumbura shi. In matar ta tambaya, ka ce aro ne.

3. Kira Liman ya duba

Liman ya zaga jirgin, ya tambayi ina masan yake kallo. Ashe in za a tsallaka yana fuskantar alƙibla, in za a dawo ya juya mata baya, duka biyun kuwa ba a yi. Sama'ilu ya kwance katako ya mayar da shi kudu. Liman ya ce madalla, amma masan gida a ƙasa yake, jirgi kuwa iska tana juya shi. Aka yanke cewa duk wanda ya shiga, a tsayar da jirgi a riƙe shi cak har ya fito.

4. Jira masu shiga

Za ka jira. Wa zai miƙe gaban mutum ashirin 'yan garinsu, ya ɗauki buta, a tsayar da jirgi dominsa? Hajiya Larai mai ƙuli-ƙuli ta ce gara a sauke gawarta a ƙetare. Sama'ilu ya fara raba kwaɗon zogale kyauta a bakin ruwa. Suka ci, suka sa masa albarka, suka daure har gaɓa. Mako uku duro babu ko ɗigo, albasa tana ta lanƙwasa, shi kuma abin yana cinsa a rai.

5. Karɓi babban baƙo

Ranar kasuwa, Malam Kallamu, mahaifin Maijidda, ya shigo jirgi daga walimar ɗaurin aure. A tsakiyar ruwa ciki ya murɗa. Dattijo ya yi gumi, ya yi salati, ya ɗauki buta. Sama'ilu ya kafa filafili, murna da kunya sun haɗe masa. Sai iska ta taso.

"Sama'ilu," aka kira daga cikin zana, "ina gabas?"

Wannan fa surukinsa ne, da ko ido ba sa haɗawa. Sama'ilu ya sunkuyar da kai ya yi wani ƙus-ƙus da ba wanda ya ji. Fasinja suka karɓi aikin: wannan ya nuna dama, wancan ya rantse hagu ce, Hajiya Larai ta ce a duba rana. Jirgi ya juya sau uku. Dattijo ya fito yana ɗaure mazagi, ya ce ya fasa, a kai shi gaɓa. Sai ya tsaya, ya ƙura wa abin da ke ƙarƙashin katako ido.

"Wannan ba duron da na saya wa Maijidda ba ne?"

6. Mayar da kayan mutane

Da yamma Sama'ilu ya toshe hudar, ya mirgino duro gida, fes da shi, ba a taɓa yin komai a ciki ba. Maijidda ta wanke shi sau bakwai. Duk da haka har yau baƙon da aka miƙa wa ruwa a gidan sai ya ce yanzun nan ya sha. Albasa kuwa ta fito kamar tafarnuwa, buhu ɗaya bai cika ba.

Ni dai suna na yi maka alkawari, ban ce taki ba. In surukinka ya daina amsa gaisuwarka, ko Liman ya sa ka a huɗuba, babu hannuna, ko ninƙaya ban iya ba. In ka gan ni a gidanka kuma, kada a wahala da kawo ruwa.