Rasuwar Sahibi, Babur ɗin da Ake Cewa An Gani a Kasuwar Rogo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu mai ɗaci da ya kwanta a ƙarƙashinsa, Malam Abdulsalami Muntaka na Rogo Sabon Gari, ma'aikacin ofis a Karaye, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar babur ɗinsa, wanda ya raɗa wa suna Sahibi. Marigayin ya cika ranar Talata da hantsi, a tsakiyar hawan da ke bayan rafi a kan hanyar Karaye, yana da shekara bakwai a hannun mai shi, bayan doguwar jinyar kuloci.

Ya zama dole a fitar da wannan sanarwa saboda jita-jitar da ke yawo cewa an ga marigayin ranar kasuwa ɗauke da buhun gyaɗa biyu. Za a zo kan wannan magana.

Ba da ka aka zaɓi Sahibi ba. A shekarar 1987, da Malam Abdulsalami ya gama jami'a ya kama aiki, wata uku ya yi yana nazarin irin babur ɗin da zai jure zirga-zirgar Rogo zuwa Karaye rani da damina. Ya auna tsayin cikin kowanne daga ƙasa saboda ruwan rafi a watan Agusta. Ya duba kaurin taya saboda taɓo, da girman tanki saboda ranakun da mai kan yi wuya. Taubashinsa Ilu, manomin gyaɗa, wanda ya raka shi Kano ranar saye, ya gaji da tsayuwa ya ce masa, “Boko, ka hau ka zauna kawai, ƙugunka zai gaya maka.” Bai kula shi ba, ya ci gaba da awonsa har azahar, sannan ya ɗauki wani shuɗi da ke lungu. Gaskiya ne wannan shuɗin Ilu ya fara nunawa tun da safe, amma wannan dacewa ce kawai.

Marigayin mai ladabi ne. Bugu ɗaya yake tashi, ya tsaya yana faɗin tuf-tuf-tuf a hankali, kamar dattijo mai gyaran murya. Bai taɓa kayar da mai shi a taɓo ba. Shekara shida bai bari an ja jan layi a littafin sa hannu na ofis ba tare da sunan Malam Abdulsalami yana samansa ba. Mai shi kuwa ya saka masa da kiyayewa: ba a taɓa ɗora masa buhu ko akuya ba, ba kuma wanda ya taɓa riƙe kansa sai mutum ɗaya. Duk Juma'a bayan an sauko, sai ya wanke shi, ya bi kowane noti da sifana yana ƙara matsewa, har da na wayar kuloci, domin ba ya son ganin wani abu yana rawa a jikin abin da yake ƙauna.

Ciwon ya faro ne a daminar bara. A ba shi mai, inji ya yi kuka, wuuu, amma tafiyar ba ta ƙaru ba. In an zo hawa sai a ji ƙauri kamar tuwo ya kama. Malam Abdulsalami ya koma ga littafin da aka haɗo babur ɗin da shi. Ya sake fulogi, ya sake baƙin mai, ya ja sarƙa, ya kuma ƙara matse wayar kuloci. Da abin ya faskara ya kai shi wurin Shitu bakanike.

Shitu ya ce, “Malam, ba ni makulli in zaga da shi in ji abin da yake ji.”

Ya ce, “Ka duba shi a tsaye.”

Shitu ya zagaya babur ɗin sau ɗaya, ya ce, “To, a tsaye lafiyarsa ƙalau. Sai dai ka riƙa ɗauke yatsunka daga hannun kuloci in kana tunani a hanya.”

Malam Abdulsalami bai ga alaƙar tunani da ƙarfe ba, ya tuƙa abinsa ya tafi. Makara ta soma yawa. Aka ba shi takardar gargaɗi ta farko, aka ba shi ta biyu, aka kuma shaida masa cewa ta uku ita ce ta ƙarshe.

Ranar Talatar, Sahibi ya kai rabin hawa, ya yi wani dogon kuka, taya ta ƙi juyawa. Mai shi ya turo shi har gida da ƙafa. Ya iso ƙofar masallaci daidai an idar da sallar la'asar, riga ta manne masa da gumi. Ilu na zaune a dakali, ya ce, “Boko, yau kai ke ɗauke da shi?”

A nan ne, gaban liman da mutum bakwai, Malam Abdulsalami ya ce, “Ya mutu. Na ba ka shi kyauta, ka yi wa kajinka akurki.”

Ilu ya waiga ya ce, “Kun ji ko?”

Suka ce, “Mun shaida.”

Sai batun jita-jita. An ce Ilu ko wurin Shitu bai je ba. An ce sifana ya ara, ya sassauta notin wayar kuloci zagaye biyu, har hannun ya ɗan riƙa rawa, shi ke nan. Mai makoki bai musa cewa akwai wani shuɗin babur da ke wucewa ta ƙofar gidansa ba, mai lamba irin ta marigayin, da ƙarzuwa a tanki daidai inda tasa take. Amma yana son jama'a su sani cewa wannan ba Sahibi ba ne. Sahibi ba ya warin akuya. Sahibi ba zai tashi da bugu ɗaya a ƙarƙashin mutumin da bai taɓa buɗe littafinsa ba, balle har ya hau tudu yana tuf-tuf-tuf da muryar da ya shekara bai yi wa mai shi ba. Kwana uku Malam Abdulsalami ya yi yana tambayar kansa ko haushin Ilu yake ji, ko kuwa na babur ɗin da bai ko yi ramar rabuwa ba.

Goggo Tasalla, yayar mahaifinsa, ta ce masa, “Abdu, ka je ka ce ya ba ka abinka mana, ai ɗan kawunka ne.” Ilu ma ya aiko cewa zai mayar, muddin za a tsaya a ƙofar masallacin nan, gaban shaidun nan, a ce manomi ya fi ɗan jami'a sanin babur. Ana godiya da wannan tayi. Ba a karɓe kyauta, ba a kuma dawo da mamaci.

Marigayin ya bar hular kwano ɗaya, da rigar ruwa, da littafinsa mai layuka ja a gefe, da sifana mai lamba goma wadda yanzu ba a son ganinta. Ya kuma bar makulli na biyu, wanda ke aljihun mai makoki, kuma a nan zai zauna.

Game da jana'iza: kasancewar motar Karaye ba ta tashi sai ta cika, kuma takarda ta uku tana jira, za a riƙa ɗaukar gawa kowace ranar aiki, ƙarfe bakwai saura kwata, daga ƙofar gidan Ilu zuwa ƙofar ofis. Ilu ne zai ja gaba. Mai makoki zai zauna a baya, a wurin da ake ɗaure buhu. Ana roƙon waɗanda za a wuce a hanya kada su ɗaga hannu, kada kuma su yi barka. Ana karɓar gaisuwa a gida bayan la'asar, ban da ta Shitu. An nemi Ilu ya yi shiru har a isa, ya kuwa yarda, in ban da magana ɗaya da ya ce dole ya riƙa faɗa a gindin hawan: “Boko, riƙe ni, amma kada ka matse.”

Allah ya ba mu haƙurin abin da muka rasa, musamman wanda muke gani kullum.