Motar Jibir Ta Ƙi Tashi a Kagoma

"Lafiya lau, Jibir. Gajiya kuma ai kai za a tambaya, kai da ka kwana ƙarƙashin matarka."

Hajjo ce, ta tsaya da ƙwaryar nono a ka, tana kallon ƙafafun taubashinta da suka leƙo daga ƙarƙashin babbar mota. Jibir ɗan kawunta ne. Ya sayar da karsanansa biyu ya koyi tuƙi, kuma watansa ɗaya ke nan da karɓar motar wani ɗan kasuwar Kafanchan. A gefe ga buhunan cittar manoman Kagoma a jibge, waɗanda dole su kai tasha kafin jirgin ƙasa na azahar.

Ya fito da guduma a hannu, riga duk taɓo.

"Baiwar gidanmu, wa ya sake ki da sassafe? Wuce da ruwan da kike kira nono."

"Ruwana dai yana zuwa kasuwa. Me ya sami amarya?"

Ya yi mata bayani yana ɗaga kafaɗa. Ranar Juma'a ya wanke motar a rafi har cikin ƙafafunta, ya ja burkin hannu, ya ajiye ta. Kwana uku ana ruwa, tsatsa ta manne burkin. Ya buga ƙafa ɗaya ta baya ta saki, ɗayar, ta hagu, ta ƙi.

"Ashe kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba," in ji Hajjo. "Kai da rabonka da wanka tun Sallah, ƙarfe ka ga ya dace da wanka?"

"Maganar injin ce, ba ta masu warin man shanu ba. Ni Bature ya ba lasin."

"Ya ba ka takarda, ya riƙe hankalin."

Dattijo Tagwai, wanda rabin cittar tasa ce, bai yi dariya ba. Ya dubi rana ya ce, "Direba, in jirgi ya tafi, mai mota zai ji daga bakina." Jibir ya san ma'anar wannan. Za a karɓe makulli, ya koma ruga ba mota ba karsana.

Ya tayar da injin ya sake gwadawa. Motar ta yi gurnani, ta ja ƙafar a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa ba ta juya ba. Hajjo ta sauke ƙwaryarta, ta tsuguna ta dubi sawun da tayar ta shata.

"Me ya sa ba ka yi lodi ba?"

"In ɗora wa gurguwa kaya? Sai ta tashi tukuna."

"Ƙaramin sani ƙuƙumi. Ƙafar nan sulɓi take yi, ba ta kama ƙasa. Danne ta da nauyi, ko ta juya ko ta karye."

"In ta karye fa?"

"In saye ka da kwabo, ka riƙa ɗaukar mini ƙwarya."

Jibir ya daɗe yana kallon sawun. Sannan ya juya ga manoma ya ce, dama abin da yake shirin yi ke nan, a jera buhunan a kan ƙafar hagu. Aka loda. Hajjo ta sa aka watsa tsakuwa a bayan tayar. Jibir ya hau, ya sa giyar baya, ya saki kuloci da ƙarfi. Aka ji ƙas, kamar an karya busasshen reshe, motar ta gangara baya sumul. Tagwai ya cire hularsa ya share gumi.

"Kun ga aikin gwani," in ji Jibir ta taga.

"Gwanin wa? Faɗa a gaban mutane, ko in riga ka kai labari ruga."

Ya yi dariya har ya kifa goshi a kan sitiyari. "Na faɗa. Hajjo ta fi ni, amma yau kaɗai. Shigo gaba, kyauta har Kafanchan."

Ta hau, ta rungume ƙwarya a cinya. Da suka zo daidai rugarsu ta hango mahaifiyarta tana shanya ƙore.

"Rage gudu," ta ce. "Ina abin nan mai kuka?"

Ya nuna mata odar. Ta matsa sau uku, shanu suka watse, tsohuwa ta miƙe tana kare rana da hannu, tana neman gane wace ce a gaban mota.