Ranar da Lissafina Ya Kafe a Rafi

Ba zan taɓa mantawa ba da kakar da na dawo Birnin Gwari da digirin lissafi, da kwamfuta a jaka, da burin da ya fi ƙarfin kaina. Kawuna mai sayen masara ne a ƙauyuka. Motarsa ɗaya, direbansa ɗaya, Baba Sale, wanda ya girmi motar, motar kuma ta girme ni. Kullum tsarinsu ɗaya ne: su bi gajeriyar hanya su tsallaka rafi zuwa Kutemeshi, su yi lodi, sannan su yi dogon zagaye ta sauran ƙauyukan da kaya niƙi-niƙi kafin su dawo gari.

Abin ya tsaya mini a rai. Na zuba wa kwamfuta nisan hanyoyi, da nauyin buhuna, da man da mota ke sha, ta ce a juya tsarin: a fara da zagayen, a ɗauki masarar Kutemeshi a ƙarshe tunda ta fi yawa, sai a yanko gida ta rafi. Kawu ya ce in har kayan suka riski tirelar da ke kwasar masara zuwa Kaduna kafin la'asar, ya damƙa mini harkar jigilar baki ɗaya.

Baba Sale ya leƙa kwamfutar ya ce, "Malam, ita wannan ta san rafin kuwa?"

Na ce, "Baba, har taswirarsa tana da ita."

"To, Allah ya kai mu."

Tafiyar ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Inuwar ɗorawa da kaɗanya tana wucewa ta kan gilashi, shanu na kiwo can nesa, ni kuwa na lula duniyar tunani. Na ga motoci goma jere da sunana a goshinsu, na ga ofis mai sanyi a Kaduna, har na ga wadda za ta riƙa kawo mini shayi (na ma raɗa mata suna, amma wannan sirrina ne). Ina cikin yanka zaren buɗe reshe na biyu, sai na ji motar ta yi gurnani ta durƙusa.

Babu ruwa ko cokali a rafin, yashi ne zalla. Yana barin motar da ba kaya ta wuce, amma tamu ya haɗiye ta har gindi.

Wani dattijon Bafulatani ya dogara sandarsa ya ce, "Sale, kai da kanka ka biyo nan da lodi?"

Baba Sale ya juyo. Da leɓe kawai ya nuna ni.

Haka muka sauke buhunan ɗaya bayan ɗaya, ni da farar shaddata, masu tallan nono suna ta ƙunshe dariya. Kawu ya iso a kan babur bayan tirela ta daɗe da tashi. Da ma ya zage ni, da na ji sanyi. Sai ya dube ni ya ce, "Sannu da aiki, ɗana. Gobe ka zo shago, akwai ɗinkin buhu."

Na yi wata uku ina riƙe da basilla, kuma a nan na gane karatun: in ka ga dattijo yana zagaye, ba gajeriyar hanyar ce bai sani ba. Ya riga ka kafewa a kanta ne.